Filasta a Kan Sunan Yayana

A sashen wankin ƙoda na asibitinmu inji huɗu ne, kuma kowane inji da mutanensa da ranakunsu. Wuri ba ya buɗewa sai an yi wa wani dashen ƙoda ko kuma ya rasu. Ranar Litinin dattijon da ke kan inji na uku ya rasu, don haka aka sa ranar Alhamis kwamiti ya zauna ya zaɓi wanda zai maye gurbinsa. Yayana yana cikin masu jira.

Ni ce mai tagar kati a sashen, ni ce kuma mai shirya wa kwamiti fayil. Sunana na gaskiya ya ɓace a asibitin nan tun shekara huɗu da suka wuce, kowa Filasta yake ce min, har masu shara. Asalin sunan kuwa faɗa ne, kamar yawancin abin da ya shafe ni. A lokacin na ga an tsallake wani ɗan dako da ya kumbura kamar zai fashe, an ba surukin wani babba wuri, don kawai sunan da ke bangon fayil ɗinsa yana da nauyi. Na yi ta zuba masifa har aka kusa kora ta. Da aka gaji da bakina aka ce to me nake so a yi, sai na shiga ɗakin allura na ɗauko naɗin filasta, na sa almakashi na yanka, na liƙe sunan kowane fayil na rubuta lamba a kai. Tun daga ranar, kwamiti bai ƙara ganin sunan kowa ba. Ni kaɗai nake gani, kuma ina taƙama da hakan fiye da kima.

Akwai doka ta biyu, wadda ba ni na kawo ta ba, amma a hannuna take aiki. Masu jiran inji suna zuwa ganin likita kowace Talata. Ina buɗe taga ƙarfe shida da rabi, in rufe ƙarfe takwas daidai. Duk wanda katinsa bai shigo ba kafin nan, sai in buga masa jan hatimi mai rubutun BAI ZO BA. Likita yana ba kowane fayil maki gwargwadon tsananin ciwo, daga ɗaya zuwa goma, kowane jan hatimi kuma yana cinye maki biyu. Wanda ya tara hatimi uku, fayil ɗinsa ba ya ma zuwa gaban kwamiti. Hujjar ita ce wanda ba ya iya zuwa ganin likita, in an ba shi inji ma haka zai bar shi yana zaman banza alhali wasu na mutuwa.

Yaya direban babbar mota ne a wani kamfanin dakon kaya, kuma hatiminsa biyu. Na farko yana kan hanya, ogansa ya ce in ya sauka daga motar to ya ajiye makulli. Na biyu kuwa ya zo. Ya iso ƙarfe takwas da minti goma, yana haki, ƙafafunsa sun cika silifas. Ya ƙwanƙwasa gilashin yana murmushi.

"Auta, buɗe mana, taya ce ta yi faci."

Mutane sun fi ashirin a kan benci suna kallona, kuma da yawansu sun san yayana ne. Na nuna masa agogon bango, na buga hatimin da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ranar har wani tsoho ya sa min albarka. Na koma gida ina jin kaina kamar na ci jarrabawa.

Ranar Laraba da yamma na baje fayil uku a kan teburina. Na farko na wani tsohon ma'aikacin gidan waya ne, makinsa shida, ba hatimi ko ɗaya, ɗansa ke kawo shi a mota tun kafin in buɗe taga. Na liƙe sunansa na rubuta lamba ɗaya. Na biyu na Yaya ne, maki takwas, hatimi biyu, saura huɗu. Na liƙe sunansa har da na mahaifinmu na rubuta lamba biyu. Na uku na wata mata ce mai wanki a otal, wadda a raina nake kira Mai Lema, don ko rana ko ruwa tana dogara wata tsohuwar lema kamar sanda. Makinta tara. Hatiminta uku, kuma duka ukun ta zo, latti kawai take yi, don a can ƙarshen gari take, inda motar haya ta farko ba ta tashi sai ƙarfe bakwai. Ban ɓata filasta a kanta ba. Na jefa fayil ɗin a durowar ƙasa na murza makulli, kamar yadda doka ta ce.

A gida na tarar da Yaya a tsakar ɗaki, ya ɗora ƙafafu a kan kujerar roba, Umma tana goge masa riga. Tun da ciwon ya tsananta ya dawo wurinmu, shi da matarsa da 'ya'yansa biyu, muka cika gidan har ba wurin juyawa.

"Gobe ne ko?" in ji Umma, ba ta ɗago kai ba.

"Gobe ne."

"To na goge masa rigar. In suka kira sai mu taho."

"Umma, ba a gama ba. Akwai wanda ke gabansa."

Ta ajiye dutsen guga a tsaye. "Wa ya sa shi a gabansa? Ba ke kika buga jan abin nan ba? Hannun da ya buga ba zai iya gogewa ba? Ke kike liƙa filastar, ke kaɗai kika san abin da ke ƙarƙashinta, amma ki zo min nan kina min maganar wani yana gabansa!"

"In na goge nasa, da wane baki zan hana wani goge na ɗan'uwansa gobe?"

"Bakinki ya dame ki. Ni ɗana nake magana."

Na ɗaga murya, ita ma ta ɗaga, yaran suka sulale waje. Ta tuna min wanda ya bar makaranta ya shiga mota don in yi karatu, kamar na taɓa mantawa. A cinyarsa na koyi karatu, yana nuna min lambobin motoci a tasha yana sa ni ina haɗa baƙaƙe. Sai da muka gaji sannan Yaya ya sa baki.

"Ku bar ta, Umma," ya ce. "Wannan ko ranar jana'izata na yi latti sai ta buga min hatimi."

Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ta koma tari. Na tsani wasan nan, na kuma tsani kaina da na ba shi abin yin wasan.

Da safe Babbar Nas ta tare ni a bakin ɗakin taro. Ita kaɗai ce a kwamitin ta san Yaya yana cikin fayilolin ranar, don ita ta ɗebi jininsa.

"Filasta, ce kanki na ciwo ki tafi gida," ta ce a hankali. "Zan riƙe rubutun. Bai dace ki zauna ba, kin sani."

"Ba ni da ƙuri'a, Anti. Rubutu kawai nake yi."

"Kina da baki, shi nake tsoro."

Gaskiyarta ce, amma na yi mata kunnen ƙashi na shige.

Ɗakin taron ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera biyar, da fanka mai kukan da sai an ɗaga murya. Ta bango ana jin ƙarar injinan suna aiki. Masu ƙuri'a huɗu ne. Akwai Likita, wanda kullum idonsa na kan agogo. Akwai Babbar Nas. Akwai tsohon alƙali da ke shugabantar zama, mutum mai sanyin magana wanda ba ya cire murfin alƙalaminsa sai zai sa hannu. Sai Tela, wakilin marasa lafiya, shekararsa shida a kan inji na ɗaya, fatarsa ta yi toka-toka amma bakinsa lafiya ƙalau.

"Ina kwananku, masu raba kwana," ya ce yana zama. "Yau gadon wa za mu raba? Ku yi sauri, na san waɗanda ke benci injina suke jira."

Ba wanda ya yi dariya sai shi. Na ajiye fayil biyu a tsakiyar tebur.

Likita ya buɗe su ya karanta a gurguje. "Lamba ɗaya, shida, ba hatimi. Lamba biyu, takwas, hatimi biyu, saura huɗu. Ban ga abin jayayya ba."

"In ba a ba su inji ba fa?" in ji Alƙali.

"Lamba ɗaya zai iya kai wata uku ko huɗu da magani. Lamba biyu, in ya kai wata biyu ya yi ƙoƙari."

Alƙalamina ya tsaya a kan takarda. Ban taɓa jin lissafin kwanakin Yaya da baki ba sai ranar. Babbar Nas ta kalli fanka.

"To wanda ya fi kusa da kabari shi za mu bari?" in ji Tela.

"Wanda zai zo za mu ba," Likita ya ce. "Inji ba kyauta ba ne da za a ba mutum ya ajiye. Duk zaman da aka bari ya wuce, awa huɗu ce ta ran wani aka zubar. Ni aikina in ga injin nan ya rayar da mutane iya yawan da zai iya. Wanda ya ƙi zuwa sau biyu ya riga ya gaya mana halinsa."

"Bai ƙi zuwa ba."

Muryata ce. Ta fita kafin in yi shawara da ita. Duka suka juyo.

"'Yata, kina da abin cewa?" in ji Alƙali.

"Ranka ya daɗe, hatimin nan ni nake buga shi, kuma ƙarya yake yi. Rubutu ɗaya ne a jikinsa, bai zo ba. Wanda ya kwanta a gida ya ƙi zuwa, bai zo ba. Wanda ogansa ya ce zai kore shi, bai zo ba. Wanda ya iso takwas da minti goma yana haki, ina kallonsa yana kallona ta gilashi, shi ma bai zo ba. Lamba biyu ya zo. Ni na rufe masa taga."

"Latti ma rashin zuwa ne," in ji Likita. "Inji ba ya jira."

"Inji ranarsa sananniya ce, awarsa sananniya, mutum zai iya zaɓar zaman rana. Taga ce kawai ba ta san uzuri ba."

Alƙali ya jujjuya alƙalaminsa. "Na ji ki. Amma ki tuna dalilin da ya sa muka yi dokokin nan, ke ma kina cikin waɗanda suka yi faɗa a kansu. An rubuta su tun kafin mu san wa za su taɓa, kuma kowa ya san su. Adalcinsu ke nan. Ranar da muka fara duba sakamako, in bai yi mana daɗi ba mu gyara doka, to ranar muka buɗe ƙofar da kika rufe da filastarki. Yau tausayi ne zai shigo ta ƙofar, gobe sai surukin wani."

Maganarsa ta shige ni, don da bakina na sha faɗin irinta. Tela ne ya gyara zama, ya ɗora hannunsa mai tabon allurai a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, in yi tambayar jahilci. Ranar da aka sa ƙarfe takwas ɗin nan, su wa ke zaune a ɗakin nan?"

"Ni, da Likita, da shugaban asibiti."

"A cikinku wa ya zo a motar haya?"

Alƙali ya dubi Likita, Likita ya dubi agogo.

"To ka gani. Kun ce ba ku san wa dokar za ta taɓa ba, amma kun san ba ku za ta taɓa ba. Ni in zan yanka riga ban san wa zai sa ta ba, ba zan auna jikina in yanka ba, sai in bar mata wuri, don wataƙila mai tumbi ne. Da a ce ranar an ce muku gobe za ku farka da ciwon ƙoda, amma ba a gaya muku ko a gidan mai mota za ku farka ba ko a gidan mai jiran bas, don Allah ƙarfe nawa za ku rufe tagar? Yarinyar nan ta rufe sunaye, madalla. Amma hatimin nan yana raɗa muku abin da sunan zai gaya muku. Fayil mai tsabta, mai mota ne. Ni ma da ba a bayan asibitin nan shagona yake ba, da yanzu ciyawa ta fito a kaina."

Likita ya ce wannan surutu ne mai daɗin ji, amma ba shi zai cika masa inji ba. Babbar Nas ta ce a shekara goma sha biyar ba ta taɓa ganin wanda aka ba inji ya yi wasa da shi ba, don wanda ya ɗanɗani kumburi ba ya bukatar a roƙe shi. Aka yi ta ja, murya na hawa tana sauka, fanka na kuka. Ni dai ina rubutu. Daga ƙarshe Alƙali ya ɗaga hannu.

"Ga abin da zan iya yarda da shi. Ba za mu yi wa fayil ɗaya alfarma ba. In za mu gyara, doka za mu gyara, ta hau kan kowa. Hatimin da aka buga wa wanda ya zo a makare, ko wanda ke da uzurin da za a iya tabbatarwa, ba ya cin maki. Wa ya yarda?"

Tela ya ɗaga hannu, Babbar Nas ta ɗaga, Alƙali ya ɗaga. Likita ya ɗaga kafaɗa ya ce a rubuta bai yarda ba.

"To lamba biyu ya koma takwas," in ji Alƙali. "Lamba ɗaya shida. 'Yata, miƙo takardar."

Na miƙa. Yaya ya samu. Ban goge komai ba, ban yi ƙarya ba, kowace kalma da na faɗa gaskiya ce, kuma ya samu. Babbar Nas ta taɓa ƙafata da tata a ƙarƙashin tebur. Har na hango Umma tana ninke rigar nan a jaka.

Kada in yi muku ƙarya in ce sai a lokacin na tuna da durowar ƙasa. Tun da na buɗe baki take a raina. Na san duk abin da na faɗa a kan Yaya ya fi dacewa da Mai Lema, na kuma san tara ta fi takwas. Na dai yi ta ture tunanin gefe ina cewa bari a gama wannan tukuna. Yanzu an gama. Ba wanda ya san da fayil ɗin sai ni. Likita ya ba shi maki makonni da suka wuce, a cikin fayil ɗari ba zai tuna ba. Makullin yana aljihuna, ina jin sanyinsa a cinyata. Ba a tambaye ni ba, kuma ba za a tambaye ni ba. Abin da ake bukata daga gare ni kawai shi ne in yi shiru na minti ɗaya, ni da ban taɓa iya yin shiru ba a rayuwata.

Alƙali ya cire murfin alƙalami.

Na tuna Talatar ƙarshe da ta zo. Ta jingina lemar a bango, ta sa tafin hannu biyu a kan gilashi, yatsunta sun yi fari saboda sabulu. Ba ta roƙe ni ba, ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "'Yar nan, tun asuba nake tsaye a titi." Na nuna mata agogo. Ta kalli agogon, ta gyaɗa kai kamar ita ce mai laifi, ta ɗauki lemarta ta juya. Da zagina ta yi, wallahi da na iya yin shirun nan.

Sai na tuna Yaya ma, da ƙafafunsa a kan kujerar roba, da 'yarsa ƙarama da ke danna masa ƙafa da yatsa tana dariyar ramin da ke zama. Na ce wa kaina wata biyu. Na ce wa kaina ita wace ce a wurina. Na ce wa kaina wani wurin zai buɗe mata. Bakin alƙalamin ya taɓa takarda.

"Ranka ya daɗe, dakata."

Ban san yadda na kai ofishina na dawo ba. Na dai san makullin ya faɗi sau biyu kafin ya shiga. A tsaye na yanki filasta na liƙe sunanta, na rubuta lamba uku, na kawo na ajiye a gaban Likita. Ya buɗe, ya duba gwajin jininta na ƙarshe, fuskarsa ta canza.

"Tara. Wannan ma tsohon gwaji ne. Ina take? Wannan ba ta da wata biyu, ba ta da wata ɗaya."

"Hatimi uku," na ce. "Duka ukun ta zo. Ni na mayar da ita."

Alƙali ya ajiye alƙalami ya dube ni. "Me ya sa ba ki kawo shi ba tun da muka ɗaga hannu?"

"Lamba biyu yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Babbar Nas ta rufe ido. Tela ya ce, "Innalillahi," a hankali, ba wasa a muryarsa ko kaɗan. Likita ya ce to ai maganar gyaran doka ta rushe, tunda mai son kanta ce ta kawo ta, a koma kan lamba ɗaya.

"Son kanta ne ya kawo fayil na ukun?" in ji Tela. "Maganar gaskiya ce ko ba gaskiya ba? In gaskiya ce, ina ruwanmu da bakin da ta fito?"

Alƙali ya ce gyara ya zauna, kuma a aika mota a nemo lamba uku a ranar. Sannan ya juyo gare ni ya ce kuskure ne babba da na zauna a ɗakin, zai rubuta hakan, kuma daga yau wani zai riƙa shirya wa kwamiti fayil. Bai ɗaga murya ba. Na ce na ji. Ya ja layi a kan lamba biyu, ya rubuta uku, ya sa hannu.

Babbar Nas ta biyo ni har bakin ƙofar asibiti. Ta ce za ta sa ido, in wani wuri ya buɗe Yaya ne a gaba, kuma za a ƙara masa maganin fitar da ruwa. Mu duka mun san ma'anar wuri ya buɗe, don haka ba mu kalli juna ba.

Rana tana tsaka na isa gida. Na tarar da su a shirye. Umma ta sa mayafi, jaka na gefenta, wayarta a hannu. Yaya yana zaune cikin rigar da aka goge, har da takalmi sau-ciki, wanda yake sawa in zai je ofishin kamfani. Yadda aka yi ƙafar ta shiga, Allah kaɗai ya sani. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ta kalli fuskata sau ɗaya ta koma ciki.

Na faɗa musu komai a tsaye, ban rage ba. Na faɗa musu ya samu, alƙalami ya taɓa takarda, ni na ce a dakata.

Umma ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta cire mayafin ta ninke shi a hankali. "An ba shi," ta ce, "kika karɓe." Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Muka rage ni da shi. Ina jira ya yi wasa irin nasa, bai yi ba.

"Wata mai lema ce?" ya ce.

Na gyaɗa kai.

"Na san ta. Ranar da kika rufe min taga tare muka zauna a kan dakalin waje muna hutawa. Ta fi ni kumburi tun a lokacin. Na rage mata hanya." Ya juya yana kallon bango. "Auta, kada ki tsaya jiran in ce kin kyauta. Ba zan iya ba. Ina son in rayu. Ina son in ga yaran nan sun girma. Tun safe nake zaune a nan ina jin kamar an ce min tashi ka ci gaba."

"Na sani, Yaya."

"Ba ki sani ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Amma da kin yi shiru, da duk ranar da aka ɗaura ni a injin nan sai na ga matar. Wannan ma ban san yadda zan yi da shi ba. Kin bar ni ba ni da inda zan ajiye fushina."

Kuka ya zo min, na danne, don ba ni ce mai haƙƙin yin sa a ɗakin ba. Ya miƙo ƙafa ɗaya yana cije leɓe.

"Zo ki cire min takalmin nan, ya kama ni."

Na durƙusa na kwance igiyar, na ja. Ƙafar ta ƙara hawa tun safe, naman ya rufe bakin takalmin. Na ja a hankali, na ja da ƙarfi, ya yi ƙara ya riƙe kafaɗata. Ko motsi takalmin bai yi ba. Na buɗe jakata ina neman abin da zan yi amfani da shi, hannuna ya faɗa kan almakashin da nake yanka filasta. Na sa bakinsa a gefen fatar takalmin na fara yankawa, ina lallaɓawa kada in taɓa shi, hannunsa yana nan a kafaɗata bai ɗauke ba.